Yadda Za Ka Auna Ƙungiyar Ƙwallon Jami'a a Amurka Kafin Ka Tsoma Baki a Gardamar Magoya Baya

Ɗan yayata ya sauka a filin jirgin Detroit a tsakiyar Agusta, ya zo karatu a Jami'ar Eastern Michigan da ke nan garinmu, Ypsilanti. Bai cika sati uku ba, wani dare muna cin tuwo, ya tsame hannu daga kwano ya ce, "Kawu, wani abu ya ɗaure mini kai. Duk wanda na tambaya ko ƙungiyar makarantarmu za ta taɓuka abin kirki bana, sai ya ɓige da maganar kuɗi da kujerun da babu kowa a kai. Ba wanda yake fara mini da 'yan wasa." Na ce masa, gaskiya suka gaya maka, yaro, inda ake dubawa ne ba su nuna maka ba. Abin da na yi ta nuna masa a daren nan da wasu darare bayansa shi na tattara a nan, domin duk namu da ya sauka a garin jami'a a Amurka zai tarar da wannan gardama tana jiransa, a wurin aiki, a shagon aski, har a bakin masallaci bayan an sauko Juma'a.

Ni akanta ne, aikina ke nan tun da na zo garin nan a 2012, kuma ƙungiyar nan ina son ta so na gaske. Ina sayen tikitin kaka duk shekara, ina zuwa da 'yata ta fari tun tana riƙe mini yatsa a kan matakala. Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita kamar zari-ruga, mutum 11 kowane ɓangare, da hular kwano da sulke a kafaɗa. Ƙwararru Lahadi ce ranarsu, jami'o'i kuma Asabar, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, wasa 12 a kaka. Wanda ya ci 6 daga ciki ya cancanci a gayyace shi wasan kammala kaka da ake kira bol.

Abu na farko, ka san ajin ƙungiyarka da sa'o'inta. A matakin ƙoli, wanda ake kira FBS, akwai jami'o'i sama da 130, an kasa su rukuni-rukuni. Manyan rukunai huɗu ne: Big Ten, SEC, Big 12 da ACC. Mu muna cikin MAC, wanda yawancin makarantunsa suke Ohio da Michigan. Daga ƙofar gidana, in na hau titin Washtenaw na yi yamma, minti 20 ya kai ni Ann Arbor, inda Jami'ar Michigan take da filin da ke cin mutum 107,601, mafi girma a duk Amurka. Tun Nuwamban 1975, in ka cire shekarar korona, ba su yi wasan gida da aka sanar da ƙasa da mutum 100,000 ba, kuma su suka ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2024. Namu filin, Rynearson, an buɗe shi a 1969, yana ɗaukar wajen 30,000, kuma ba ya cika. Baƙo yakan jera waɗannan biyun ya yanke hukunci nan take. Kada ka yi haka. Sa'o'inmu su ne Central Michigan da Western Michigan da Toledo da Bowling Green da Ball State da Akron da Kent State, kuma duk lissafin da za ka yi, da su za ka gwada.

Daga nan sai ka tafi bakin ƙofar fili, don a nan ake fara ruɗin mutane. Adadin da ake sanarwa a lasifika, wanda jaridu suke bugawa washegari, yawanci ba kawunan da suka shigo ba ne. Tikitin da aka raba ne: wanda aka sayar, da wanda aka bayar kyauta, da wanda wani kamfani ya saya da yawa ya ajiye a durowa, a wasu filayen har da 'yan badujala da ma'aikata da 'yan jarida. A 2018 jaridar Wall Street Journal ta nemi adadin tikitin da na'ura ta tantance a ƙofa daga jami'o'i da dama, ta tarar jimilla kusan kashi 71 cikin 100 ne na abin da ake sanarwa. A rukuninmu na MAC kuwa kashi 45 ne. Ruwa ba ya tsami banza. Shekaru da yawa hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, tana da dokar cewa duk makarantar da ke son zama a matakin ƙoli sai ta nuna matsakaicin mutum 15,000 a wasannin gida, aƙalla sau ɗaya a cikin shekara biyu, kuma tikitin da aka biya kuɗinsa yana shiga lissafi ko mai shi bai zo ba. An soke dokar a 2023, amma al'adar ƙirgar ba ta tafi tare da ita ba.

To, ka ƙirga da kanka. Ga yadda nake yi. Ina zaɓar sashe ɗaya a ɓangaren da ke fuskantata, in ƙirga layukan benci, in ƙirga mutum nawa layi ɗaya yake ɗauka, in ninka. Sai in duba da ido ko sashen ya cika rabi, ko sulusi, ko rubu'i, in bi sauran sassan da wannan ma'auni. Sau biyu nake yi. Wasan zango huɗu ne. Na farko a ƙarshen zangon farko, domin kafin nan mutane da yawa suna wurin ajiye motoci suna gasa nama a bayan a-kori-kura. Na biyu a farkon zango na huɗu, a ga su wa suka jure. Sashen ɗalibai ka ƙirga shi daban, shi ne yake gaya maka abin da zai faru nan da shekara goma, tunda ɗalibin da bai saba zuwa ba yana makaranta da wuya ya dawo da 'ya'yansa in ya gama. Ka rubuta rana, da yanayin gari, da wanda aka kara da shi. Kada ka dogara da talabijin, kyamara ɓangare ɗaya take kallo. Zuwa ƙarshen kaka za ka samu layi biyar ko shida a ɗan littafinka, kuma sun fi duk wata hayaniyar intanet amfani.

Wanda ya koya mini wannan ƙirga wani dattijo ne da kujerarsa take kusa da tamu, ya yi ritaya daga kamfanin ƙera motoci. Wata shekara mun bi ƙungiya zuwa wani fili a wata jiha maƙwabciya, daren Nuwamba, iska tana yankan kunne. Da mai lasifika ya faɗi adadin 'yan kallo yana godiya, dattijon ya zare safar hannu da haƙori, ya zaro guntun fensir daga cikin hularsa, ya juya bayan takardar jadawalin wasa. Ya riƙa nuna sashe da fensirin, leɓensa yana motsi, numfashinsa yana fita fari kamar hayaƙi. Da ya gama ya miƙo mini takardar, bai ce komai ba. Abin da ya samu bai kai rabin abin da aka sanar ba. Raina ya ɓaci a daren, don yaran da ke cikin fili, namu da nasu, suna zubar da gumi a wannan sanyi, sun cancanci a faɗi gaskiyar waɗanda suka fito dominsu.

In kana son adadin hukuma, jami'ar gwamnati dole ta ba ka. A Michigan dokar 'yancin samun bayanai ta ba su kwana 5 na aiki su amsa, suna iya neman ƙarin 10, wani lokaci su caji ɗan kuɗin aiki. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin da ke kula da irin wannan buƙata, ka ce kana son adadin tikitin da aka tantance a ƙofa na kowane wasan gida a kaka kaza. Kalmar tantancewa a ƙofa ita ce mabuɗin, in ka bar ta za a turo maka wanda aka sanar a lasifika.

Amma kada ka ɗauki adadi tsirara ka yi hukunci da shi. Rukunin MAC ya ƙulla doguwar yarjejeniya da tashar ESPN a 2014, wadda ta kai har kakar 2026 zuwa 2027, kuma a ƙarƙashinta wasannin Nuwamba da yawa ana yin su daren Talata da Laraba, lokacin da babu wata ƙwallon da za ta raba hankalin masu kallo a gida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai ka ga an fara wasa ƙarfe bakwai na dare, sanyi ya kai ruwa ya daskare, gobe aiki, yara suna da makaranta. Fili ya zama fayau, amma mutane a duk faɗin ƙasar suna kallo a falo. Saboda haka Asabar ɗin Satumba da Asabar ɗin Satumbar bara za ka gwada, daren Talata da daren Talata. A wurinmu ka ƙara da abu biyu: ɗalibai da yawa daga gidajensu suke zuwa su koma, kuma filin yana can gefe a titin Hewitt, ba a tsakiyar makaranta ba. Yawan ɗaliban ma ya ragu, lokacin da na zo sun haura 20,000, yanzu ba su kai 15,000 ba.

Yanzu sai kuɗi, kuma a nan nake so ka daɗe. Wanda ya taso yana bin Kano Pillars ya riga ya san rabin labarin: kuɗin ƙofa a filin Sani Abacha ba shi yake riƙe da ƙungiya ba, aljihun gwamnatin jiha ne. Ƙananan jami'o'in Amurka ma haka suke, sai dai a madadin gwamnati, asusun jami'a ne da kuɗin da ɗalibai suke biya.

Takarda biyu ake dubawa. Akwai rahoton da kowace makaranta take miƙa wa Ma'aikatar Ilimi ta tarayya duk shekara, kowa yana iya buɗe shi a intanet. Yana da amfani wajen sanin yawan 'yan wasa da abin da ake kashe wa maza da mata, amma ka yi hattara da shi: sau da yawa za ka ga kuɗin shiga ya yi daidai da na fita, babu rarar dala ɗaya, babu giɓi. Dalili shi ne tallafin da jami'a ta zuba don cike giɓin shi ma an lissafa shi cikin kuɗin shiga. Na ga mutane masu ilimi sun ɗaga wannan takarda suna cewa ai ƙungiya tana riƙe da kanta. Takarda ta biyu, rahoton kuɗi da ake miƙa wa NCAA, ita ce take warware abin layi-layi, kuma rumbun bayanai na Knight-Newhouse yana tattara na jami'o'in gwamnati kyauta. Jami'o'i masu zaman kansu, irin Notre Dame, dokar bayanai ba ta hau kansu ba, don haka nasu ba ya samuwa cikin sauƙi.

In ka buɗe ta, ka raba kuɗin shiga gida biyu a takardarka. Hannun dama ka sa abin da wasanni suka samo da kansu: tikiti, gudummawar tsofaffin ɗalibai da masu hali, rabon talabijin da na rukuni, talla, da kuɗin da manyan makarantu suke biya don a je gidansu a buga. Hannun hagu ka sa abin da aka ɗebo daga cikin gida: kuɗin ɗalibai, tallafin jami'a kai-tsaye, da na bayan fage kamar wutar lantarki da gyaran gine-gine. Ka raba na hagu da jimillar duka. Wannan kason shi ne lambar da ta fi kowace muhimmanci a duk gardamar. A wajen 2016, kasafin wasanni na Eastern Michigan ya ɗan haura dala miliyan 30, kuma kusan miliyan 27 daga ciki daga aljihun jami'a ya fito, wato wajen kashi 80 cikin 100. Maƙwabtanmu na Ann Arbor kasafinsu ya haura miliyan 200, kuma kusan duka su suke samo shi. Rukuninsu na Big Ten ya sa hannu a 2022 a kan yarjejeniyar talabijin ta shekara 7 da ta haura dala biliyan 7, cikakken mamba yana karɓar sama da miliyan 60 a shekara. Rabon makarantar MAC daga ESPN bai kai miliyan ɗaya ba.

Na sa ɗan yayata ya yi wani lissafi a bayan ambulan, kai ma ka yi shi. A ce mutum 10,000 sun biya dala 20 kowanne a kowane wasa. Dala 200,000 ke nan. A ce wasan gida 6 ne, ya zama miliyan 1.2 a kaka. Yanzu ka gwada da wannan: a Satumban 2024 Notre Dame ta biya Northern Illinois, 'yar rukuninmu a lokacin, dala miliyan 1.4 don ta zo gidanta ta buga wasa ɗaya tak. Tafiyar yini ɗaya ta fi cinikin ƙofa na kaka guda. Shi ya sa za ka ga ƙananan makarantu suna buɗe kaka a gidan ƙarti, ana sa ran su sha duka su karɓi cek su dawo. Ranar nan kuwa Northern Illinois ta karɓi kuɗin kuma ta ci wasan 16 da 14. Appalachian State ta yi wa Michigan irin haka a 2007, 34 da 32, a kan dala 400,000. Mu ma mun doke Rutgers a 2017, Purdue a 2018, Illinois a 2019, da Arizona State a 2022, duk a gidajensu. Idan wani ya ce maka da mutane za su cika fili da matsalar kuɗi ta ƙare, nuna masa ambulan ɗin nan. Cikar fili tana da daraja, tana jawo masu gudummawa, tana burge yaron da aka kawo ziyara ana zawarcinsa, amma ita kaɗai ba ta cike giɓin miliyan 27.

Wannan giɓin ne ya jawo rikicin da har yau ake tunawa a garin nan. A Afrilun 2016 ƙungiyoyin malamai da shugabannin ɗalibai suka fitar da rahoto suna neman jami'a ta fice daga matakin ƙoli na ƙwallon, a sauƙaƙa wa ɗalibai nauyi. Majalisar gudanarwa ta ce ba za a yi ba. A Maris ɗin 2018 kuma aka soke wasanni huɗu don a tsimi kusan dala miliyan 2.4: kokawa da ninƙaya na maza, da tanis da ƙwallon sanda na mata. 'Yan wasa mata suka kai ƙara a ƙarƙashin dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya, aka dawo da tanis, aka kuma kafa wa mata sabon wasa a madadin ɗayan. Ka riƙe wannan dokar a ranka, don duk gurbin tallafin karatu da aka ba namiji a ƙwallo yana da nauyin da yake ɗora wa makaranta a ɓangaren mata.

Ni ra'ayina ba na ɓoye shi. Ina so ƙungiyar ta ci gaba, kuma ba na yarda da ɗan'uwana mai goyon baya da yake musun cewa ɗalibai ne suke ɗauke da ita. Yarinyar da take aikin dare a shagon sayar da abinci don ta biya kuɗin makaranta, ba ta taɓa taka Rynearson ba, tana da haƙƙin a gaya mata nawa ne nata a cikin miliyoyin nan. Amma masu cewa a rufe a huta su ma lissafinsu yana da ɓaraka. Ba duk kuɗin ne zai dawo ba: kuɗin zuwa gidan manya zai tsaya, rabon rukuni zai tsaya, wani kaso na tallafin karatun kuma daga aljihun jami'a na dama yake fita ya koma na hagu. Akwai misalai biyu da ake jawowa a irin wannan zama, ya kamata ka san su. Jami'ar Alabama ta Birmingham ta rufe ƙungiyarta a Disamban 2014, mutanen gari da 'yan kasuwa suka tashi suka tara alkawarin kuɗi, aka janye hukuncin a Yunin 2015, suka dawo fili a 2017. Idaho kuwa da kanta ta sauko daga matakin ƙoli zuwa na ƙasa da shi a 2018. Kowane ɓangare yana da nasa misalin, aikinka shi ne ka tambaya wanne ne ya fi kama da garin da kake zaune.

Sai ka ƙara da sabon al'amari. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a yana iya karɓar kuɗi a kan sunansa da hotonsa, sannan a Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai-tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan rufin kaɗai ya kai wajen kashi biyu cikin uku na duk kasafin wasanninmu na 2016. Manya za su iya kaiwa can, mu ko kusa. Abin da muke da shi irin su Maxx Crosby ne, wanda ya buga a nan kafin ƙungiyar ƙwararru ta Raiders ta ɗauke shi a 2019, ya dawo a 2023 shi da matarsa da kyautar dala miliyan ɗaya, aka sa wa dandalin wasan sunansa. Idan kana duba layin gudummawa, ka lura ko irin wannan kyauta ce ta sau ɗaya ta ɗaga shi, ko ƙananan hannaye ne masu yawa da suke dawowa duk shekara.

Sai bayan duk wannan ka shiga fili, ka amsa tambayar ko bana za a yi abin kirki. Ɗauko jadawali. Wasa 8 na cikin rukuni ne, 4 na waje. A na wajen yawanci akwai ɗaya ko biyu na karɓar cek, da ɗaya da ƙaramar makaranta daga matakin ƙasa, kuma irin wannan nasarar guda ɗaya kawai ake ƙirga wa mai neman bol. Ka kasa wasannin uku: wanda ya kamata a ci, wanda da wuya, da wanda zai iya faɗawa kowane ɓangare. Kakar tana cikin kashi na ukun.

Sakamakon bara kuma kada ka karanta shi a dunƙule. Duba wasa nawa aka ci ko aka rasa da tazarar maki 8 ko ƙasa, wato abin da hari ɗaya zai iya gogewa. A 2017 mun gama da nasara 5 da rashi 7, mai kallo daga nesa ya ce an koma gidan jiya. Amma a tsakiyar kakar mun rasa wasa 6 a jere da jimillar maki 23 kacal, uku daga ciki a ƙarin lokaci, wani kuma ƙungiyar Army ta ci mu 28 da 27. Ƙungiyar da take rasa wasa da ƙyar haka ba mai rauni ba ce, kuma a 2018 muka ci 7 muka tafi bol. Haka abin yake in an juya: wadda ta ci wasa da yawa da ƙyar, ko ta yi ta tsintar ƙwallon da abokan hamayya suka ɓarar, ka rage mata wani abu a hasashen bana.

A cikin 'yan wasa, kowa zai yi maka maganar mai jefa ƙwallo, kuma da gaskiyarsu. Ni na fi fara tambayar ƙarti biyar ɗin da suke tsaya masa bango a gaba: nawa ne suka dawo, wasa nawa suka fara tare? Aikinsu na sabo ne, ba a haɗa shi a wata ɗaya. Sannan kada ka yi hasashe a Disamba. Tun da aka buɗe rajistar masu sauya sheƙa a 2018, aka kuma sassauta dokar zaman jira daga baya, yaron da ya haskaka a ƙaramar makaranta sai babba ta kira shi da kuɗin da ba za mu iya tayawa ba. Ka jira jerin sunaye ya zauna bayan atisayen bazara, ka lissafa wa ya fita, wa ya shigo, daga wane mataki ya zo. Koci ma haka. Western Michigan ta ci wasa 13 a jere a 2016, ta je Cotton Bowl, kwanaki kaɗan bayan haka kocinta P.J. Fleck ya koma Minnesota. Mu Allah ya ba mu Chris Creighton, wanda ya fara a 2014 ya haura shekara goma a kujerar. Ya ci wasa 2 a kakarsa ta farko, 1 a ta biyu, a ta uku ya ci 7 ya kai mu bol na farko tun 1987. A 2022 muka ci 9, muka doke San Jose State 41 da 27 a bol, makarantar da muka doke a wancan na 1987. Wanda ya san cewa a 2009 ƙungiyar nan ba ta ci ko wasa ɗaya cikin 12 ba, zai san nauyin nasara 6 a garin nan.

In ka zauna da magoya baya, ka fara da tambaya. Wanda ya kawo adadin 'yan kallo, tambaye shi na lasifika ne ko na ƙofa. Wanda ya kawo kuɗin shiga, tambaye shi da tallafin jami'a a ciki ko babu. Ka yi a hankali da dattawa, wasu sun fi shekara 40 a benci ɗaya, sun ga lokacin da ake kiran ƙungiyar Hurons kafin a mayar da ita Eagles a 1991, kuma har yau akwai waɗanda canjin yake yi wa ciwo. In ɗan wasa ya yi kuskure kuma kada ka kama sunansa da zagi, ɗalibi ne ɗan shekara 19 ko 20, mai yiwuwa mahaifiyarsa tana zaune layi biyu a bayanka.

Wasan daren Talata na farko da na kai ɗan yayata, na sa shi ya saka safa biyu, da dogon wando na ciki, da hula mai rufe kunne. Na ba shi kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashin takalmi, don siminti shi yake fara shanye ɗumin ƙafa, da tsohon bargo na ɗorawa a kan bencin ƙarfe. Mun yi Magariba da Isha kafin mu fito, muka sha shayi mai citta a mota. Da muka hau matakala ya hango dandalin, launin toka maimakon kore, wanda aka shimfiɗa a 2014 aka yi wa filin laƙabi da Masana'anta don girmama ma'aikatan motoci na yankin, sai ya tsaya cak yana kallo. Dattijon nan ya matsa mana wuri. Da zangon farko ya ƙare, yaron ya zaro biro daga aljihun rigar sanyi ya ce, "Kawu, daga wane sashe zan fara?" Na nuna masa na ɗalibai.